Tarihin Ƙananan Bindigogin Gasar Harbi a Ƙasar Ingila da Masu Tara Su

Gabatarwa

A ƙasar Ingila da wasu ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsofaffin ƙananan bindigogi na gasar harbi. Sukan bi wuraren gwanjo da shagunan masu gyaran bindiga suna cigiyarsu, su saya, su share musu tsatsa, su rubuta tarihin kowace ɗaya, sa'an nan a ƙarshen mako su ɗauke su zuwa filin harbi su gwada su a kan takarda. Waɗannan bindigogi an ƙera su ne domin koyon saiti da yin gasa. Harsashinsu bai wuce gaɓar yatsa tsawo ba, kuma yawancinsu harsashi ɗaya tak suke ɗauka a lokaci guda. Da yawa daga cikinsu sun haura shekara 100 da ƙerawa, amma har yanzu suna aiki.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne abin tarihi a cikin irin wannan wasa na Turawa? Amsa ita ce, yaɗuwar waɗannan bindigogi a Ingila ta samo asali ne daga wata kunya da sojojin Birtaniya suka sha a fagen fama a shekarar 1899 Miladiyya. Ƙasar da take taƙama da cewa ita ce mafi girman daula a duniya ta wayi gari ta gane cewa mazajenta ba su iya harbi ba, sai ta shiga neman hanya mai arha ta koya musu. Wannan maƙala za ta bi sawun ƙaramar bindigar tun daga asalin harsashinta, da dalilin yaɗuwarta, da waɗanda aka damƙa wa ita da waɗanda aka hana, har zuwa yau da ta koma hannun masu tara kayan tarihi.

Asalin Ƙaramin Harsashi

Kafin a yi maganar bindigar, ya kamata a fara da harsashinta, domin shi ne tushen al'amarin. A shekarar 1845 wani maƙerin bindiga ɗan ƙasar Faransa mai suna Louis Flobert ya fito da wani ɗan ƙaramin harsashi wanda ya haɗa dalma da maganin tayar da wuta a cikin kwanso guda na ƙarfe. Ba shi da ƙarfi sosai, don haka masu hali sukan yi wasan harbi da shi a cikin zaurukan gidajensu. A shekarar 1857 kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya ƙara wa irin wannan harsashi tsawo, ya zuba masa albarushi kaɗan. Daga nan aka ci gaba da kyautata shi har zuwa shekarar 1887, lokacin da kamfanin Stevens, shi ma na Amurka, ya fito da samfurin da ake amfani da shi har yau, wanda ake kira .22 Long Rifle.

Lambar nan .22 tana nufin faɗin bakin bindigar, wato kashi 22 cikin 100 na inci ɗaya, kimanin milimita 5.6 ke nan. Nauyin dalmar da take fita kuwa bai wuce giram 2.6 ba. Abin da ya bambanta wannan harsashi da na soja shi ne, maganin tayar da wutarsa a cikin gefen gindin kwanson aka zuba shi, ya zagaye shi kamar zobe. Idan aka ja kunama, sai wani ɗan tsinken ƙarfe ya daki gefen, wuta ta tashi, albarushi ya kama. Wannan tsari ya sa ƙera shi ke da sauƙi da arha, domin kwanson falle ɗaya ne na ƙarfe marar kauri. Bugu da ƙari, ba shi da ƙara mai yawa, kuma ba ya tokarin kafaɗar mai harbi, ta yadda yaro ɗan makaranta ma zai iya harba shi ba tare da fargaba ba. Sai dai kada ƙanƙantarsa ta ruɗi mutum, domin yana kisa, kuma idan bai sami abin da ya tare shi ba yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya.

Darasin Yaƙin Afirka ta Kudu

Gasar harbi ta daɗe a Ingila kafin wannan lokaci. An kafa Ƙungiyar Harbin Bindiga ta Ƙasa a shekarar 1859, sa'ad da ake fargabar mamaya daga Faransa, kuma Sarauniya Biktoriya ce ta yi harbin farko a taronta na farko a filin Wimbledon a shekarar 1860. A shekarar 1890 ƙungiyar ta koma wani fili mai faɗi da ake kira Bisley, a kudu maso yammacin Landan. Amma wannan gasa ta manyan bindigogi ce. Tana buƙatar fili mai tsawon ɗaruruwan yadi a bayan gari, da kuɗin jirgin ƙasa, da harsashi mai tsada. Saboda haka ta zama ta sojojin sa kai da masu abin hannu. Leburan masana'anta da yake tashi aiki da magariba ba shi da hanyar shiga cikinta.

A watan Oktoba na shekarar 1899 yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Turawan Afirka ta Kudu da ake kira Bowa, waɗanda yawancinsu jikokin mutanen Holan ne. Su Bowa manoma ne da makiyaya, sun tashi da bindiga a hannu tun suna yara, kuma gwamnatocinsu sun sayo musu bindigogin Mauser na Jamus masu harsashi marar hayaƙi. A cikin mako guda na watan Disamba na wannan shekara, sojojin Birtaniya suka sha kashi sau uku a jere, a Stormberg da Magersfontein da Colenso, inda suka yi asarar mutum fiye da 2,500, tsakanin matattu da masu rauni da kamammu. Bowa suna kwance cikin ramuka suna ɗauke su ɗai ɗai daga nesa, su kuwa ba su ma ga inda wuta take fitowa ba. Mutanen Ingila suka sa wa wannan mako suna Baƙin Mako.

Labarin ya girgiza ƙasar ƙwarai. Aka tura Lord Roberts, wani tsohon janar da ya yi suna a yaƙe-yaƙen Indiya da Afganistan, ya karɓi jagorancin rundunar. A watan Mayu na shekarar 1900 Firayim Minista Lord Salisbury ya yi jawabi yana kira da a kafa kulob-kulob na harbi a ko'ina cikin ƙasar, domin kowane namiji ya koyi riƙe bindiga a kusa da gidansa. Fitattun marubuta biyu, Arthur Conan Doyle da Rudyard Kipling, kowannensu ya kafa kulob a ƙauyen da yake zaune. Hujjar da ake kafawa a lokacin ita ce wadda Hausawa suka daɗe da sani, wato ba a fafe gora ranar tafiya.

A watan Maris na shekarar 1901 aka yi taro a Landan aka kafa Ƙungiyar Kulob-kulob na Harbi na Ma'aikata, bisa ƙoƙarin Manjo Janar Charles Luard, Lord Roberts kuma ya zama shugabanta. A shekarar 1903, wato shekarar da sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato, ƙungiyar ta haɗe da wata takwararta, suka zama Ƙungiyar Kulob-kulob na Ƙananan Bindigogi, wadda aka fi sani da SMRC a taƙaice. Hikimar masu wannan ƙungiya ita ce komawa ga ƙaramin harsashi. Da shi, fili mai tsawon yadi 25 ya wadatar, kuma ana iya samun irin wannan fili a cikin gari: a ɗakin ƙarƙashin masana'anta, ko zauren atisayen sojojin sa kai, ko ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ko harabar makaranta. A kafa farantin ƙarfe ko tarin yashi a bayan allo, a kunna fitila, shi ke nan wurin harbi ya samu. Ma'aikaci zai iya zuwa bayan ya tashi aiki, ya yi harbi goma da 'yan kwabbai, ya koma gida.

Yadda Aka Mai da Bindigar Yaƙi Bindigar Koyo

Matsala ta gaba ita ce inda za a samo bindigogi masu arha. A nan ne aka waiwayi wata tsohuwar bindigar soja mai suna Martini-Henry, wadda rundunar Birtaniya ta ɗauka a shekarar 1871. Sunanta ya haɗa mutum biyu: Friedrich von Martini na ƙasar Suwizalan, wanda ya kyautata yadda ake buɗe ta da rufe ta, da Alexander Henry na birnin Edinburgh, wanda ya tsara zanen da yake murɗe a cikin bututunta, mai sa harsashi juyawa ya tafi sak. Da ita aka yi yaƙin Zulu a shekarar 1879, da yaƙe-yaƙen Sudan na shekarun 1884 da 1885. Yadda take aiki ba wuya: akwai wani mariƙi a ƙarƙashinta, idan aka danna shi ƙasa sai toshiyar da ta rufe gindin bututu ta sunkuya, kwanson da aka harba ya fito, a zura sabon harsashi, a mai da mariƙin. Da aka kawo bindiga mai ɗaukar harsashi da yawa a shekarar 1888, sai dubban Martini-Henry suka koma rumbunan gwamnati suna jiran tsatsa.

Tun kafin wannan lokaci, a farkon shekarun 1880, wani mutum mai suna Richard Morris ya ƙirƙiro siririn bututu da ake zurawa a cikin bututun babbar bindiga, domin soja ya yi atisaye da ƙaramin harsashi a cikin bariki. Maƙeran birnin Birmingham, irin su W.W. Greener da C.G. Bonehill, suka ɗora a kan wannan dabara. Suka riƙa karɓar tsofaffin Martini-Henry suna sauya musu bututu da toshiya domin su ɗauki harsashin .22, ana sayar wa kulob-kulob a kan farashi mai rahusa. Ta haka bindigar da aka ƙera domin fagen fama ta koma koyar da akawu da maƙeri da ɗan makaranta. A shekarar 1906 kuma Ma'aikatar Yaƙi ta amince da wani sabon samfuri na ƙaramar bindiga mai sakata irin ta soja, aka ba kamfanonin BSA da LSA aikin ƙera ta.

Shi wannan kamfani na BSA, wanda maƙeran Birmingham suka haɗu suka kafa a shekarar 1861, shi ne ya zama uban tafiya a wannan fage. Tambarinsa bindigogi uku ne jingine da juna, kuma shi ne tambarin da yake kan kekuna da baburan da kamfanin ya ƙera. Ya ɗauki tsarin Martini ya ƙanƙanta shi, ya bi dabarar wani maƙeri na birnin Liège na ƙasar Beljiyam mai suna Francotte, wadda take ba da damar a zare kayan cikin bindigar gaba ɗaya a wanke su a mayar. Samfurinsa mai lamba 12 ya fito gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya zama bindigar kulob ta kowa da kowa. Daga baya mai lamba 15 da mai lamba 12/15 suka biyo. A shekarar 1950 ya fito da Martini International, wadda wasu samfuranta suka haura kilo 6 a nauyi, aka ci gaba da ƙera ta har tsakiyar shekarun 1980. A Amurka kuwa, Winchester mai lamba 52, wadda ta shiga kasuwa a shekarar 1920, ita ce ta riƙe kambi na tsawon shekaru. Daga shekarun 1960 sai bindigogin kamfanin Anschütz na Jamus, waɗanda aka gina a kan samfurinsa na shekarar 1954, suka mamaye gasannin duniya, kasuwar na Ingila ta fara ja da baya.

Tsarin Gasa

Abin da ya raya waɗannan kulob-kulob shi ne gasa ta hanyar gidan waya. Ƙungiya takan aika wa kowane kulob katunan harbi masu hatimi. 'Yan kulob su harba nasu a filinsu a gaban shaida, shaidan ya sa hannu, a zuba katunan a ambulan a aika wa mai ƙidayar maki. Ta wannan hanya kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a arewacin Ingila zai kara da na wani ƙauye a kudu ba tare da kowa ya bar garinsa ba. Tsarin ya dogara ne kacokan a kan amana, kuma har yau ana bin sa. A shekarar 1909 Sir Thomas Dewar ya ba da kofi domin irin wannan gasa tsakanin ƙasashe, inda Birtaniya da Amurka suka zama manyan abokan hamayya. Daga baya tsarinta ya tsaya a kan harbi 20 daga yadi 50, da wasu 20 daga yadi 100.

A Wasannin Olamfik na Landan na shekarar 1908, an yi gasar ƙananan bindigogi a Bisley, kuma 'yan Birtaniya ne suka kwashe dukkan lambobin zinariyarta. A nan ne wani abin tausayi ya faru. Doka ta ce kowace ƙasa mutum 12 za ta saka. Saboda ruɗanin lissafi, aka bar wani mai suna Philip Plater ya yi harbi, ya ci maki 391, ya zarce kowa. Da aka sake ƙidaya sai aka tarar shi ne na 13. Aka soke sakamakonsa, aka ba Arthur Carnell mai maki 387 zinariyar.

Shi kansa harbin, aiki ne na natsuwa. Mai harbi yakan kwanta rub da ciki, ya ɗaura maɗaurin bindiga a damtsensa domin nauyinta ya hau kan ƙashi, tsoka ta huta. Yakan leƙa ta wata 'yar kafa da ke kusa da idonsa, ya daidaita ta da zoben da ke bakin bindiga, ya sa baƙin tsakiyar allo a cikin zoben. Sai ya saki rabin numfashi, ya tsaya, ya matsa kunama a hankali har harsashi ya fita. A allon gasar duniya na mita 50, da'irar da take ba da maki 10 faɗinta milimita 10.4 ne kawai. Tun da harsashin ba shi da nauyi, kuma gudunsa bai wuce kimanin mita 330 a daƙiƙa ba, iska kaɗan takan kautar da shi, don haka ake kafa ƙananan tutoci a fili, gwani ya riƙa karanta su kafin ya harba.

Waɗanda Aka Ba da Waɗanda Aka Hana

Lord Roberts bai ɓoye manufarsa ba. Yana ganin yaƙi da Jamus na tafe, kuma daga shekarar 1905 ya jagoranci masu kira da a tilasta wa matasa horon soja. Ya rasu a Faransa a watan Nuwamba na shekarar 1914, yana da shekara 82, sa'ad da ya je duba sojojin Indiya a bakin daga. Da yawa daga cikin samarin da suka koyi saiti a kulob-kulob ɗinsa sun tafi wannan yaƙi, kuma da yawa ba su dawo ba. Rundunar soja ita ma ta mai da dubban bindigoginta na Lee-Enfield masu cin harsashin .22 domin horar da sababbin kurata. A Yaƙin Duniya na Biyu, dakarun tsaron gida da aka kafa a shekarar 1940 sun yi amfani da filayen kulob-kulob wajen atisaye. Sai bayan yaƙin, a shekarar 1947, ƙungiyar ta sauya suna zuwa NSRA, harkar kuma ta karkata ga wasa zalla.

A Jamus ma an bi wannan hanya, amma ƙarshenta ya fi muni. Yarjejeniyar Versailles ta shekarar 1919 ta taƙaita sojojin ƙasar ga mutum 100,000, sai harbin ƙaramar bindiga ya bunƙasa da sunan wasa. Bayan Hitila ya hau mulki, a shekarar 1934 aka fito da wani samfuri na .22 wanda aka ƙera shi da siffar bindigar soja ta Mauser, aka riƙa horar da matasan jam'iyyar Nazi da shi. Yaron da ya saba da ita, ranar da aka miƙa masa ta gaske hannunsa ya riga ya san wurin komai. Wannan ya nuna cewa icen da aka tanƙwara tun yana ɗanye, inda mai tanƙwarawa ya nufa can yake fuskanta.

A ɗaya gefen kuma, akwai waɗanda aka tsara kada irin wannan ilmi ya kai gare su. A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Brussels, da sunan yaƙi da cinikin bayi. Daga cikin sharuɗɗanta akwai hana sayar wa mutanen Afirka bindigogi na zamani masu zane a cikin bututu, a yankin da ya kama daga digiri 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa digiri 22 kudu da ita. Ƙasar Hausa tana cikin wannan yanki. Abin da aka yarda a sayar shi ne bindiga mai ƙanƙara marar zane da albarushi na kasuwa, wato dangin bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka. Birnin Birmingham, wanda ya daɗe yana ƙera irin waɗannan bindigogi na ɗuri domin kasuwannin Afirka ta Yamma, shi ne kuma yake ƙera wa 'ya'yan Ingila bindigogin saiti. Idan dattijo ya tuna cewa maharbanmu da 'yan bindigar sarakuna da bindigar ɗuri aka san su har bayan zuwan Turawa, to ga ɗaya daga cikin dalilan.

Masu Tara Su a Yau

Mai tara waɗannan bindigogi, abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne tambarin da ke jikinsu, domin yana karanta su ne kamar yadda malami yake karanta tsohon kundi. A ɗauki misalin Martini-Henry da aka sauya. A gefen damanta za a ga kambin sarauta da haruffan V.R. na Sarauniya Biktoriya, da sunan masana'antar da ta ƙera ta, kamar ta gwamnati da ke Enfield, da shekarar ƙira. Za a ga alamar kibiya, wadda take nuna kayan gwamnati ne. Idan aka ga kibau biyu sun haɗa kai, to an sallame ta daga aikin soja an sayar. Sai kuma sunan maƙerin da ya sauya ta, wani lokaci har da rubutun da ke nuna cewa domin SMRC aka yi aikin. A kan kotarta ta katako akan tarar da lambar kulob ko ta makaranta, ko ɗan farantin azurfa mai sunan wanda ya ci ta a gasa. Bindiga guda ke nan ta ba da labarin zamani uku.

Haka kuma akwai tambarin gwaji. Dokar Ingila ta hana sayar da bindiga sai an gwada ƙarfinta a ɗaya daga cikin gidajen gwaji biyu, na Landan wanda asalinsa ya koma ga shekarar 1637, da na Birmingham wanda aka kafa a shekarar 1813. Daga shekarar 1921 gidan Birmingham ya fara buga haruffan da suke nuna shekarar gwaji, abin da yake taimaka wa masu bincike wajen sanin shekarun bindiga ko da takardun kamfani sun ɓata.

Babban abin da mai saye yake dubawa shi ne cikin bututu. Harsasan farko suna barin wani gishiri mai jawo tsatsa, kuma sai a wajen shekarar 1927 kamfanin Remington ya fito da maganin tayar da wuta marar cin ƙarfe. Saboda haka bindigogin da suka girmi wannan shekara da yawa cikinsu ya rarake. Kamfanin A.G. Parker na Birmingham, wanda daga baya ya zama Parker-Hale, ya yi suna wajen huda irin wannan bututu a zura masa sabon siriri a ciki. Ana kuma duba gefen ramin harsashi, domin jan kunama ba tare da harsashi ba yakan sa tsinken ya daki ƙarfen ya lotsa shi. A kan batun gyara kuwa, masu tarawa sun rabu biyu. Wasu suna ganin a bar bindiga yadda aka same ta, domin kankare tsohon launi ko goge katako da yashi yana share tarihi, yana kuma karya daraja. Wasu kuma suna ganin an ƙera ta ne domin ta yi harbi, don haka gyaran da zai dawo da ita fili ba laifi ba ne.

Waɗanda suke harba su sun tsara gasa bisa zamani, domin kada tsohuwa ta kara da sabuwa. Akan ware waɗanda aka ƙera kafin shekarar 1919, da na tsakanin 1919 da 1945, da na bayan haka, kuma akan nemi abin saitin da ke kanta ya zama na zamaninta. Akwai ƙungiyar masu nazarin tsofaffin bindigogi mai suna HBSA da aka kafa a shekarar 1973, kuma a watan Oktoba akan yi taron Trafalgar a Bisley domin irin waɗannan makamai na tarihi. Kowace bindiga tana da harsashin da ta fi so, don haka mai ita yakan gwada iri daban-daban, kamar Eley Tenex da aka fara ƙerawa a shekarar 1951, har ya dace. Sau da yawa BSA ta shekarun 1930 mai lafiyayyen bututu takan tara harsasai goma a rami ɗaya daga yadi 25. Da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani.

Duk wannan yana gudana ne a ƙarƙashin doka mai tsauri. Tun shekarar 1920 Birtaniya ta wajabta takardar izini daga 'yan sanda kafin mallakar irin wannan bindiga, aka sabunta dokar a shekarar 1968, aka ƙara tsaurara ta bayan kashe-kashen Hungerford a 1987 da Dunblane a 1996. Mai tarawa sai ya nuna dalilinsa, ya kuma tanadi akwatin ƙarfe mai makulli. A Nijeriya ma dokar makamai ta shekarar 1959 ta hana riƙe irin wannan bindiga ba tare da lasisi ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa ƙaramar bindigar gasa ta ratsa matakai uku. Ta fara a matsayin maganin kunyar da aka sha a Afirka ta Kudu, ta zama hanyar shirya matasa domin yaƙe-yaƙe biyu na duniya, sa'an nan ta koma kayan wasa da na tarihi. Ko a fagen wasan ma zamani yana tafiya da ita, domin bayan Wasannin Olamfik na Rio na shekarar 2016 an cire gasar harbin kwance ta mita 50 daga jerin wasannin, ko da yake ta tsayuwa da durƙuso da kwanciya a haɗe tana nan. Sunan Lord Roberts kuwa yana kan ginin harbin da aka yi a Bisley domin Wasannin Ƙasashe Renon Ingila na shekarar 2002.

Abin lura ga malami da dattijo shi ne yadda aka iya sanin duk wannan. An san shi ne domin wasu sun ajiye kayan, sun bar tambarinsu yadda yake, sun adana katunan gasa da littattafan kulob, sun kuma rubuta daga hannun wa kowace bindiga ta fito. Tsohuwar bindigar ɗuri da ke rataye a zauren wani gidan sarauta ko gidan maharba a ƙasarmu, ita ma tana da tambari a jikinta, tana kuma da labarin wanda ya riƙe ta. Matuƙar dattijon da ya san labarin yana raye, akwai damar a zauna da shi a rubuta.